Takalman da Suka Ƙi Dakushewa

Aulis Kemppainen ya goga farcen babban yatsansa a kan ƙarfen da ke ƙasan takalmin gudu a kan ƙanƙara, ƙarfen ya kankare farcen har ɗan farin gari ya zuba. Ya gwada ɗaya gefen, nan ma haka. Sai ya yi tsaki ya miƙa takalmin.

"Babu abin da ya same shi. Mayar wa yaron."

Jarkko Räsänen bai karɓa ba. Ya cika ƙofar ɗakin washin da ƙatuwar rigar sanyinsa, yana huci. "Yaro ya faɗi sau uku a zagaye ɗaya, ka ce babu abin da ya same shi? Ɗan taɓa shi da injin mana, ko hankalinsa ya kwanta."

"Ba na yi wa ƙarfe washi don hankalin wani ya kwanta. Takalmi da kaifinsa. In ɗanka yana faɗuwa, a nemi dalili a wani wuri."

"Ai dalilin muke nema. Ƙarfe uku, a ɗakin shan kofi na sama. Ka dai san da zaman." Jarkko ya rage murya, abin da ba ya cika yi. "Mun san kocin ɗanka ne, Aulis. In ka yi shiru ba wanda zai ga laifinka."

"Karɓi takalminka, an kusa komawa fili."

Ranar Asabar ce, ana karawa da yaran Kuusamo, kuma kafin a gama zagaye na biyu an riga an zura wa masu gida biyar. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta 'yan ƙasa da shekara sha huɗu ta garin ta buga wasa sha shida a wannan kaka, ta ci ɗaya. Ko wannan ɗayan, abokan karawar sun zo ne babu mai tsaron ragarsu na farko saboda mura. Garin kuwa ƙarami ne, in an cire hoki, wasan tura ɗan faifan roba cikin raga da sanda, ba abin da ya rage na magana sai yanayi, shi ya sa kowa ya zama masani. Mai sayar da fetur yana da ra'ayi, mai aski yana da ra'ayi, har matar da ke gasa makkara, niƙaƙƙen naman da ake cusawa a hanji, a bakin ƙofar zauren tana da tsarin da take ganin ya kamata a bi.

Shekara talatin da ɗaya Aulis yana yi wa takalman yaran garin washi a wannan ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Koci tara ya gani sun zo sun tafi, bai taɓa sa wa ko ɗaya baki a aikinsa ba. Haka ya tarar ana yi, haka ya riƙe. Mai washi iyakarsa bakin ƙofarsa, abin da ke kan ƙanƙara na mai usur ne. Sai ga shi koci na goma ɗan cikinsa ne.

Tuomo ya dawo daga kudu a watan Agusta da takardun shaidar horarwa, da matarsa, da 'yarsu Iida mai shekara biyu. Kulob ɗin ya ɗauke shi aiki cikakke, karo na farko da aka yi wa wani haka. In wannan aiki ya kuɓuce, babu wani irinsa a faɗin yankin, sai dai su sake ɗaure kaya su koma kudu, tafiyar awa takwas. Aulis ya san wannan sarai. Bai daɗe da fara jin daɗin yadda Iida ke kama gemunsa tana kiran sunansa a karkace ba.

An tashi wasa takwas da ɗaya. Ana cikin hayaniyar tuɓe kaya Tuomo ya shigo ɗakin washin ya turo ƙofa. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa a tashe, kwamfutar hannunsa a hammata.

"Ka ga abin da nake fama da shi, Baba? Wata shida ina nuna musu inda kowa zai tsaya. Wata shida! Yau ɗin nan masu tsaron baya biyu suka bi faifai ɗaya zuwa lungu, suka bar raga buɗe."

Aulis ya ci gaba da goge ƙurar ƙarfe daga kan injin.

"Za su tambaye ka a sama," in ji Tuomo. "Shugaba Marjut ta faɗa mini. Kai ka ga yara na shekara talatin, maganarka ɗaya ta fi tawa ɗari. Ka faɗa musu gaskiya kawai. Wannan rukunin ba su da baiwa. Ana samun haka, wata shekara gona ta yi, wata ta ƙi. Ko wa aka kawo, abin da zai samu ke nan."

Aulis ya ɗago ya dubi ɗansa. Maganar tana bakinsa, ta kai wata huɗu tana nan. Amma yaron yana cikin fushi, kuma ƙofa ba ta rufu sosai ba, iyaye suna wucewa da jakunkuna.

"Zan faɗi abin da na gani," ya ce.

Tuomo ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa. "Na gode, Baba." Ya fita.

Ƙarfe uku saura kaɗan, rana ta riga ta yi ƙasa. Aulis ya ɗauki takalmi ɗaya daga cikin waɗanda aka bar masa, ya hau bene da shi a hannu. Ɗakin ya cika, iyaye ashirin da 'yan kai, kowa da kofin takarda, ba wanda ya tuɓe rigar sanyi. Marjut Pesonen, shugabar kulob, tana zaune a tsakiya da tabarau a kan hanci. Ita malamar jinya ce, ta saba da masu ihu, don haka ta bar kowa ya fara.

Jarkko ne ya fara, da ma an san shi zai fara. "Ni ba na ɓoye-ɓoye. Yaran nan bara su ne na huɗu a yanki. Yaran dai su ne, ba a canja su a asibiti ba. Me ya canja? Mutum ɗaya ya canja."

"Bara kuna rukunin ƙasa," Tuomo ya katse shi. "Bana an hau sama. Ga alƙaluma nan, gudu, ƙarfin bugu, duk na auna. Yaranku suna bayan na Kajaani a komai."

"Ka auna! To sai ka auna mana takwas da ɗaya."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Wata uwa daga baya ta ce ɗanta yana kuka kafin ya zo atisaye. Wani uba ya ce nasa ya ce shi ƙwallon ƙafa zai koma. Tuomo ya miƙe tsaye.

"Kowa a nan gani yake ya haifi zakara. Ni ba matsafi ba ne. Abin da Allah bai sa wa yaro a ƙafa ba, usur ba zai sa masa ba. In kuna son gaskiya, a cikin su ashirin da biyun nan, uku ne kawai za su iya zama a benci a kudu. A benci na ce."

Ɗakin ya hargitse. Jarkko ya buga tebur har kofi ya fantsama. "Ɗana ne ba shi da baiwa? Ni da na ɗauko wa garin nan kofin yanki? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaro! Lokacin da nake zura ƙwallaye kai ko tsayuwa a kan ƙanƙara ba ka iya ba."

Marjut ta ƙwanƙwasa cokali a jikin butar kofi har aka lafa. Ta juya wajen ƙofa, inda Aulis ke tsaye.

"Aulis, ba dole ba ne. Amma kai ka fi kowa daɗewa a zauren nan. Yaran ne, ko horon ne?"

Da farko ya yi niyyar ya yi magana a hankali. Amma tun yana tsaye yake jin zuciyarsa tana tafasa, da ihun Jarkko, da benci ukun ɗansa, da yaran da ake ta yanka su a kan tebur su ba sa nan. Ya taka har gaban Marjut ya ajiye takalmin.

"Goga farcenki a nan."

Ta dube shi, ta goga. Farcen ya kankaru.

"Takalmin ɗan Jarkko ne. Kwana sha ɗaya rabon da in yi masa washi. A tsakanin nan an yi atisaye shida da wasa biyu, kuma har yanzu zai yi aski. Ba nasa kaɗai ba, duka ashirin da biyun haka suke. Ni ban san alƙaluma ba, ƙarfe na sani. Yaron da ke gudu a kan ƙanƙara, yana birki, yana juyawa, kwana uku takalminsa ya dakushe. Waɗannan takalman ba sa dakushewa, saboda ba a gudu da su."

Ya juya ga Jarkko.

"Kai kuma da kake kiran barewa, ni na yi wa takalminka washi tun kana shekara tara. Wace baiwa gare ka? Ƙafafunka a karkace suke, har aka fara kiranka agwagwa. Duk rukuninku babu wani mai baiwar kirki. Amma kwana bibbiyu kuke kawo mini takalma sun dakushe kamar cokali, duk sun yi giɓi, saboda in an tashi makaranta kuna can filin bayan makaranta, ko kan daskararren tafki, sai uwayenku sun zo da tsawa. Ƙanƙarar waje akwai yashi, akwai tsakuwa, tana cin ƙarfe. Bana ban ga giɓi ko ɗaya ba. Filin yana nan, ana zuba masa ruwa duk mako ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe shi babu mai sharewa. Kun ɗauko yaro a mota, kun sauke shi a ƙofa, kun mayar da shi a mota, sannan ku zo nan kuna buga tebur. Ku ji kunya mana!"

Da Aulis ya tsaya a nan, da ya koma gida da ɗansa lafiya. Amma wanda ya yi shekara talatin yana haɗiye magana, ranar da ya buɗe baki ba ya sanin inda birki yake. Ya juya ga Tuomo, wanda har ya fara gyaɗa kai yana jin an rama masa.

"Kai ma kada ka gyaɗa mini kai. Awa ɗaya ake ba ka a kan ƙanƙara. Ina jin ƙarar takalma daga ɗakina, na san lokacin da ake gudu, na san lokacin da aka tsaya. Minti ashirin suna durƙushe gaban allonka kana zane-zane. Minti ashirin suna layi, biyu na yi, ashirin na kallo, sanyi na cin su. Da yaro ya ɗan ɗauki faifai zai gwada wani abu, sai usur. Ka ce ba su da baiwa. Yaushe ka bar su suka motsa har ka gani? Ka auna su a tsaye ka ce ba sa gudu. 'Yan shekara sha uku ka kalla ka ce benci ma ya fi ƙarfinsu, a gaban iyayensu. Ban koya maka haka ba."

Ya ɗauki takalmin. "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da na gani ke nan."

Jan fuskar Tuomo ya tafi gaba ɗaya. Ya ɗauki kwamfutarsa, ya bi ta tsakanin kujeru ya fita, aka ji takunsa a kan bene har ƙasa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki minti goma ba. Aulis ya zaci za a yi maganar filin bayan makaranta, a ce wa zai share, wa zai kai yara. Ko mutum ɗaya bai ɗaga zancen ba. Rabin maganarsa da ya shafe su sun bar shi ya bi iska, rabin da ya shafi ɗansa suka ɗauka suka rungume. Wani ya ce, "To kun ji dai, daga bakin ubansa." Wata ta ce, "Minti arba'in a tsaye, jama'a!" Marjut ta yi ƙoƙari ta ce a ba shi wata guda ya gyara, aka shanye muryarta. Aka ɗaga hannu kan a sallami kocin, sha bakwai da biyar. Kwamitin kulob zai zauna ranar Litinin, amma kowa ya san kwamitin ba ya tsallake iyaye.

Jarkko ya zo ya dafa shi, fuska a sake, kamar ba shi aka kira agwagwa yanzu ba. "Gaskiya dokin ƙarfe, Aulis. Ba kowane uba zai iya abin da ka yi ba."

"Cire hannunka daga jikina," in ji Aulis. "Gobe da safe akwai shebur a bayan makaranta. In gan ka."

"Gobe? Ai gobe muna da tafiya."

Aulis bai tsaya jin sauran ba. Ya sauka, ya ajiye takalmin a kan shiryayye, ya kashe fitila, ya kulle ɗakin. Yana jin haushin iyayen, yana jin haushin Tuomo, kuma can ƙasa akwai wani haushi da bai so ya duba ko na wane ne ba.

A waje sanyi ya kai ashirin ƙasa da sifili. Motar Tuomo tana nan inda take, inji a kunne, hayaƙi yana tashi. Tun da idon Aulis ya fara rauni ya daina tuƙi, ɗansa ke kawo shi yana mayar da shi. Tuomo yana tsaye a jikin motar, babu hula, hannuwa a aljihu.

"Sun gama?"

"Sun gama."

"Nawa?"

"Sha bakwai da biyar."

Tuomo ya gyaɗa kai. Ya sunkuyar da fuska ƙasa. Da ya ɗago, Aulis ya shirya wa ihu, har ya tanadi amsa. Amma muryar ta fito a hankali.

"Tun yaushe ka lura? Maganar takalman."

"Tun Oktoba."

"Oktoba." Tuomo ya yi wata gajeriyar dariya. "Yanzu muna Fabrairu. Sau huɗu a mako kana zaune a kujerar motar nan kusa da ni, kwata ɗin awa zuwa, kwata ɗin awa dawowa. Muna maganar itacen hura wuta. Muna maganar haƙoran Iida."

"Aikinka ne. Ban taɓa sa wa koci baki ba, ka san haka. Kuma ba ka tambaye ni ba."

"Ni koci ne a wurinka?" Yanzu muryar ta tashi. "Na shigo ɗakinka ɗazu, mu biyu kaɗai. Na roƙe ka. Da ka ce mini, Tuomo, ba haka ba ne, ga abin da ƙarfe ya nuna, da na hau benen nan na faɗa da bakina, na nemi wata guda. Da sun ba ni, Baba, Marjut tana son ta ba ni. Sai ka ce za ka faɗi abin da ka gani, ka bar ni na gode maka. Na gode maka fa!"

Aulis ya nemi abin faɗa. Ƙofar da ba ta rufu ba, fushin yaron, al'adar shekara talatin, duk ya juya su a ransa, babu wanda ya kai a furta. Duk abin da ya faɗa a sama gaskiya ne, ko gobe zai maimaita. Sai dai ya ga cewa wannan gaskiyar da ya faɗe ta a Oktoba a cikin mota, da gyara ce. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro.

"Ƙila kwamiti..." ya fara.

"Bari, Baba."

Iyaye sun fara fitowa daga zauren biyu-biyu, suna hango su suna kau da kai. Tuomo ya zagaya ya buɗe masa ƙofar gaba, kamar yadda yake yi kullum, ya jira har ya zauna ya ɗaura bel, sannan ya rufe.

Suka bi hanya ba mai magana. Aulis ya yi rayuwarsa duka yana jin daɗin shiru a gefen ɗansa, yau kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Da suka tsaya a ƙofar gidansa, Tuomo bai kashe inji ba, bai kuma dube shi ba.

"Zan kawo maka Iida gobe da rana," ya ce. "Ka riƙa ganinta kafin mu koma kudu."